Labo, Wanda Bai Saki Igiya Ba

In an idar da sallar asuba a Tungar Kalgo, wani ƙaramin ƙauye a ƙasar Dogarawa, kowa da inda yake nufa. Wani gona, wani turken awaki, wani ya koma ya ƙara kishingiɗa. Labo kuwa bayan ɗakinsa yake zagayawa, inda igiyarsa take rataye a gwafa. Sai ya sauke ta, ya zauna a kan wani tsohon turmi da aka kife, ya fara bin ta da yatsu daga wannan baki zuwa wancan. Gaba ashirin da biyar ce, kuma ba ya tsallake ko taki ɗaya. Ba da ido yake duba ta ba, sau da yawa ma idon a rufe yake. Inda kaba ta fara sakewa, ko inda gara ta ɗan taɓa, yatsa ne ke faɗa masa. In ya samu wuri irin wannan, sai ya kwance ya sake tufka shi, ko da kuwa abokan aiki suna ƙofar gida suna ta sallama. In ya gama sai ya naɗe ta, ya saɓa a kafaɗa, ya sha furarsa a tsaye, ya fito.

Shekara ashirin da bakwai yana yin haka. Bana, bayan an gama kai gero rumbu, ya ajiye aikin. Shi ya sa ya dace a faɗi ko wane ne shi tun yana raye, tun kunnensa na ji.

Labo ba mahaƙin rijiya ba ne. Shi ne mutumin da ke tsayawa a sama ya riƙe igiyar da aka ɗaura wa mahaƙi. Daga Bazaga har ƙauyukan Illela, rijiyoyin da aka haƙa yana tsaye a bakinsu sun haura sittin, amma babu ko ɗaya da ake kira da sunansa. Akwai Rijiyar Munkaila har guda uku, domin Munkaila ne mahaƙin da suka fi daɗewa tare. Akwai waɗanda ake kira da sunan wanda ya sayi siminti. Ran da aka kai ga ruwa, mahaƙi ake ɗagawa sama, mata su yi masa guɗa. Labo yana can gefe yana naɗe igiya.

Ga yadda aikin yake, don wanda bai taɓa gani ba. Ana kafa gwafanni biyu a bakin rami, a gitta itace mai kauri, igiya biyu su bi ta kansa. Ɗaya ta kwandon ƙasa ce, wannan kowa na iya ja. Ɗayar ita ce ake ɗaura wa mutum a ƙarƙashin hammata, kuma mutum guda ne ke riƙe ta tun daga saukar mahaƙi har fitowarsa. Ba ya zama, ba ya juya wa ramin baya. An ce wata rana wani babban ma'aikaci ya zo daga buro, wato ofishin gwamnati, a Konni duba aiki, ya bi mutane yana gaisawa, har ya iso kan Labo ya miƙa masa hannu. Labo bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, “Ranka shi daɗe, a yi mini gahwara. Akwai mutum a ƙasa.” Mutumin ya ji haushi a lokacin, amma daga baya shi ne ya riƙa ba da labarin.

In rami ya wuce gaba goma, murya ba ta fitowa da kyau, sai a koma magana da igiya. Girgiza ɗaya, a saki. Biyu, a ja. Uku, a fid da ni maza. Wannan kowa na iya koyo a yini ɗaya. Abin da Labo ya koya cikin shekaru shi ne jin abin da mahaƙi bai faɗa ba. Yana jin gajiyar mutum a tafin hannunsa, yana jin numfashinsa. Mutanen wani ƙauye kusa da Bazaga har yau suna ba da labarin ranar da ya jawo Munkaila ba tare da an girgiza masa ba. Munkaila ya fito yana faɗa: “Wa ya ce ka hid da ni? Kai ka gaji, ni ka hutar?” Bai rufe baki ba ya yanke jiki ya faɗi. Da aka zura fitila cikin ramin, tun ba ta kai ƙasa ba ta mutu. Iskar ciki ta ɓaci, shi kansa mahaƙin bai sani ba.

Akwai wani halinsa da ba a gane nasa ba ne sai da aka yi shekaru. Igiyar da ake ɗaura wa mutum ba ta wuce rani biyu a hannunsa, ko da kuwa tana da sauran ƙarfi. In ya sauya ta, sai ya warware tsohuwar ya tufka ƙananan igiyoyin guga, ya rataya a gwafar rijiya ya yi tafiyarsa. Tsofaffin mata da marasa hali su zo su tarar, su ɗauka, suna yi wa wanda ba su sani ba addu'a. Da aka gano shi ne, wani ya tambaye shi don me ba ya ba su hannu da hannu. Ya ce, “In na ba ta a hannu, kullum ta gan ni sai ta durƙusa. Tsohuwa ce, gwiwa na yi mata ciwo.” Masu karatu, mu tsaya kaɗan a kan wannan. Da yawanmu mun iya bayarwa, amma muna so wanda muka ba ya ɗan sunkuya mana. Labo ya yi tunanin gwiwar mai karɓa.

Matarsa Safiya ita ce ke jiƙa masa kaba, ita ce ke riƙe masa ɗaya bakin in yana tufka. 'Ya'yansu sun girma: mace tana aure a Illela, maza biyu sun tsallaka iyaka neman abinci. Gidan ba ya rasa hayaniya duk da haka, saboda Takama, ƙanwar Safiya, wadda ke aure a gida na uku daga nasu. Kowa ya san wasan da ke tsakanin mutum da ƙanwar matarsa, amma na Labo da Takama har makwabta kan tsaya saurare. Mutumin da ba ya haɗa magana goma a yini, in Takama ta shigo sai bakinsa ya buɗe.

“Mijina,” in ji ta, “wai kai mi kaka yi ne? Maza na ƙasa suna haƙa, kai kana tsaye awa gwahwa ta ukku.”

“Ke kuwa,” in ji shi, “da da bakinki aka haƙa, da mun kai ruwa tun shekaranjiya.”

Safiya ta yi ta dariya tana cewa su tashi su ba ta wuri.

Sai shekarar 1973 ta zo. Waɗanda suka gan ta ba su buƙatar a tuna musu, waɗanda ba su gan ta ba kuwa Allah kada ya nuna musu. Gero bai yi ba. Tun ana sanyi rumbuna suka zama fanko. Aka koma dusa, daga dusa aka koma anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin su ciwu. Makiyaya suka gangaro daga arewa da abin da ya rage musu na shanu, shanun suna faɗuwa a gefen hanya, ungulu sun ƙoshi har ba sa iya tashi. Rijiyoyi suka yi ta ja da baya. Wadda ake samun ruwa a gaba sha huɗu, sai a zura guga ya dawo da laka.

A wannan rani Labo da Munkaila ba su huta ko yini ɗaya ba. Daga wannan ƙauye zuwa wancan, suna ƙara wa rijiyoyi zurfi. Wani wuri a ba su tiyar dawa, wani wuri addu'a kaɗai ake da ita, su karɓa su wuce. Abin da Labo ya samo, Safiya ta dafa ta ajiye masa, ta ce ita ta ci a gidan Takama. A gidan Takama kuma ta ce ta ci a gida. Rabonta tana kai wa matan makiyaya da suka sauka a bayan gari da jarirai a goye. Ba wanda ya gane sai da ƙafafunta suka kumbura. Kafin a yi wani abu, gudawa ta kama ta, ta kwanta.

Ranar wata Laraba ce cikin bazara. Aiki yana Zangon Buba, tafiyar awa guda a ƙafa daga Tungar Kalgo. Rijiyar can ita kaɗai ta rage wa ƙauyuka huɗu da makiyayan da ke kewaye da su, kuma ita ma ta fara ƙafewa. Zoben siminti ya tsaya a gaba sha shida. Daga nan zuwa ƙasa rairayi ne mai danshi, ba abin da ke tokare shi. An aika a kawo siminti daga Malbaza, bai iso ba, mutane kuwa ba su iya jira. Munkaila ya ce zai sauka haka. Da safen Labo ya tsaya a kan Safiya, igiya a kafaɗa, yana jinkiri. Ta buɗe ido ta ce, “Tahi. Mutane na jiran ruwa.” Ya bar ta da Takama, ya tafi.

Da hantsi, igiya ta motsa a hannunsa. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, ba uku ba. Wani nauyi ne ya fizge shi har ƙafarsa ta ja a ƙasa. Ƙura ta taso daga ramin. Gefen rijiyar ya rufta, rairayi ya binne Munkaila har ƙirji.

Mutane suka yi ca a bakin ramin, kowa na leƙawa. A nan aka fara jin Labo ya ɗaga murya: “Ku ja baya! Sawunku na zubo mishi ƙasa!” Samari suka kama jelar igiyar a bayansa za su ja, ya hana su. Ana cikin haka sai ga kamyo, babbar motar kaya ta wani ɗan kasuwa, ta tsaya ɗauke da simintin da ake jira tun kwana huɗu. Mai tuƙin, Adamu, mutumin kirki ne mai zafin nama. Ya diro, ya leƙa, ya ce, “Baba, miƙo bakin igiyar a ɗaura wa mota. Yanzun nan in hid da shi.”

“Rabinshi za ka hiddawa,” in ji Labo.

Jama'a suka goyi bayan Adamu. Har Iliyasu, ƙanen Munkaila, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ya zo gaban Labo yana cewa, “Ɗan'uwana na mutuwa kana tsaye! Ka ba su igiya!”

Labo ya ce, “Iliyasu, saurara. Ƙasa ta riƙe shi tun daga ƙirji. In an ja da ƙarhi, igiyag ga ba ta tsinkewa, ni na tuhka ta. Shi za shi tsinke. In kana son ɗan'uwanka, ɗauki ƙoƙo ka bi igiyar kwando ka sauka, ka kwashe mishi ƙasa kaɗan kaɗan.”

Wani ya ce to a ɗaure igiyar a gwafa mana, kowa ya huta. Wannan ma bai yarda ba, kuma yana da dalili. Gwafa ba ta ji. In rairayi ya sake zamewa, igiyar da aka ɗaure tamau za ta matse ƙirjin mutum har numfashi ya tsaya. In kuma ta yi sako-sako, sai ya ƙara nutsewa. Dole ta kasance a hannun wanda zai sassauta in mutum ya ja numfashi, ya ɗaga da kaurin yatsa ɗaya in ya fitar. Labo ya zagaya igiyar a ƙugunsa, ya sa maza huɗu su riƙe jelar a bayansa, da sharaɗin kada su ja sai ya ce. Iliyasu ya sauka da ƙoƙo.

Haka aka yi ta yi. A kwashe ƙoƙo goma, bakwai su zubo. Rana ta take tsaka. Wata mata ta kawo ruwa ta kafa masa ƙwarya a baki, ya sha bai ɗauke ido daga ramin ba. Jini ya fara bin igiyar daga tafinsa.

Ana kiran azahar Takama ta iso. Ba takalmi a ƙafarta, ba ta gaida kowa ba. Ta ratsa maza ta tsaya a bayansa. Yau ba ta ce mijina ba.

“Labo, Yaya na mutuwa. Kiranka takai. Ta ce ka zo ku yahi juna.”

Waɗanda ke kusa sun ce sun ga bayansa ya girgiza sau ɗaya. Mutanenmu sun san nauyin wannan kira. Mata da miji da suka yi shekara talatin tare ba su rasa abin da ɗaya ya yi wa ɗaya, kuma kowa na fatan ya ji kalmar yafiya da kunnensa kafin a rabu. Yafiya kuwa ba a aiken wani ya karɓo ta. Labo ya dubi hannuwan da ke miƙe kewaye da shi, kowa na cewa, “Kawo in riƙe, tahi.” Hannuwa ne masu ƙarfi, na mutanen kirki, kuma ya san dukansu abu ɗaya za su yi da zarar ya ba da baya: tausayi zai kama su, su ja. A tafinsa kuwa yana jin numfashin Munkaila, gajere, gajere, kamar na ɗan akuyar da aka haifa yanzu.

Bai juyo ba. Ya ce, “Takama, koma. Ki ce mata na yahe mata duniya da lahira. Ita ma ta yahe mini.”

“Kai ka kai mata da bakinka!”

“Akwai mutum a ƙasa.”

Ta tsaya tana kallon ƙeyarsa. Sannan ta faɗi maganar da duk wanda ke wurin bai manta ba: “To riƙe igiyarka. Ita ta haihwa maka 'ya'ya.” Ta juya da gudu.

Sai la'asar sakaliya aka fito da Munkaila, haƙarƙari biyu a karye, ƙafa ɗaya ta murɗe, amma da ransa. Da aka zo karɓar igiyar daga hannun Labo, yatsun suka ƙi buɗewa. Sai da aka ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, fatar tafin ta biyo kaba. Adamu, wanda ɗazu suka yi musu, ya buɗe masa ƙofar kamyo, ya kai shi Tungar Kalgo.

Sun tarar an riga an yi wa Safiya wanka, an sa ta a likkafani, ana jiran sa. Ta cika tun kafin Takama ta komo. Aka ɗauke ta zuwa maƙabarta rana na faɗuwa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana saukar da mutane cikin rami a hankali, ranar nan bai iya sa hannu an saukar da matarsa ba. Hannuwan suna naɗe da tsumma, ba su kama komai. Ya tsaya a gefe wasu suka yi.

Bayan sadakar uku ya koma Zangon Buba da tsumman a hannu, domin rijiyar ba ta ƙare ba. Aka zuba zobe, aka samu wani mahaƙi ya ƙarasa, ruwa ya fito. Shi ƙauyuka huɗun nan da makiyaya suka sha har aka yi ruwan sama. Ba wanda ya ƙidaya rayukan da suka tsira da shi, kuma ba da sunan Labo ake kiran rijiyar ba.

A gari kuwa magana ta rabu biyu. Wasu suka ce ya yi abin da ya kamata. Wasu, musamman a wajen daka, suka ce matarsa ta kira shi a bakin mutuwa ya zaɓi bare. Bai taɓa amsa wa kowa ba. Bai sake aure ba. Igiyoyin guga suka ci gaba da bayyana a gwafar rijiya, shi ke jiƙa kabarsa da kansa, ya ɗaura ɗaya bakin a jikin turmi. Wasa tsakaninsa da Takama ya mutu. In sun haɗu a hanya, ta ja mayafi ta ce, “Ina kwana,” ya ce, “Lahiya lau,” kowa ya wuce. Shekara biyar haka. Abin da ke cin sa bai faɗa wa kowa ba, amma ba wuyar ganewa: ta kira, bai je ba, kuma bai san ko ta tafi tana riƙe da shi a zuci ba. Mutum ɗaya ce ta sani, Takama, shi kuwa kunya da tsoron amsar sun hana shi tambaya.

Bana yatsun suka ƙi rufuwa sosai. Tun ranar Zangon Buba ba su koma daidai ba, tsufa kuma ya ƙara nasa. Wata safiya yana bin igiya ya wuce wani wuri da ya sake bai ji ba, sai da ya dawo ta kansa karo na biyu. A ranar ya aika a kira Iliyasu, wanda tun bayan abin nan yake tsayawa kusa da shi yana koyo. Aka taru a bakin rijiyar Tungar Kalgo da hantsi, ba wani biki ba, dattawa ne kaɗan da matan da suka zo ɗiban ruwa. Munkaila ya zo yana ɗingishi da sanda, ya zauna a kan kwamin shayar da dabbobi.

Labo ya ɗora igiyar a kafaɗar Iliyasu. Bai yi dogon jawabi ba. Ya ce ya duba ta kullum, ko da jiya ya duba. Ya ce kada tausayi ya sa shi gaggawa. Sannan, kamar yadda mai barin aiki yakan yi, ya juya ga jama'a ya ce wanda ya taɓa yi wa laifi ya yafe masa. Aka amsa, “Ba ka yi muna komi ba.” Ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, kamar da kansa yake: “Wadda nika son ji daga bakinta ba ta nan.”

Sai aka ji guga ya faɗa rijiya da igiyarsa. Takama ce ta sake shi. Ta fito daga cikin mata, ta zo gabansa ta durƙusa, abin da ba ta taɓa yi masa ba.

“Labo, ƙarya na yi maka.”

Ta ci gaba:

“Yaya ba ta kira ka ba. Ni na ce zan je in kira ka, ta riƙe mini zane. Ta ce, ‘Kada ki je. Akwai mutum a ƙasa.’ Ta ce, ‘Ni na yahe mishi, bai ma yi mini komi ba. In ya hito ki ce shi yahe mini tuwon da na ce na ci ban ci ba.’ Na ƙwace na tahi. Na san in na hwaɗa maka gaskiya ba ka tasowa, shi ya sa na ce kiranka takai. Da na komo na iske ta cika ita kaɗai, ba kowa kusa. Na bar ta na tahi yin ƙarya. Da hwari haushinka ya hana ni magana. Daga baya kunya. Kullum sai in ce gobe.”

Labo ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Dattawan da ke wurin suka sunkuyar da kai, don ba a kallon fuskar namiji a irin wannan lokaci. Shekara biyar da ya kwana da abin nan a ransa ba za su dawo ba, kowa ya san haka, ita ma ta sani. Yana da ikon ya juya mata baya, ba wanda zai ga laifinsa.

Ya ce, “Tuwon, na yahe mata.” Ya share fuska da gefen riga. Sannan ya dubi matar da ke durƙushe tana kuka.

“Tashi, Takama, gwiwa na yi miki ciwo. Ashe na yi kuskure da nic ce a yi haƙa da bakinki. Shekara biyar ya yi kahin shi kai ruwa.”

Dariya ta kuɓuce mata a tsakiyar kukan. Ta ce, “Mijina, ka yahe mini.” Ya ce ya yafe, da sharaɗin ta nemo mai fid da gugan da ta jefa, don shi ya bar aiki.

Malam Labo, yanzu da kai ake. Kai ne gwafa ta uku, wadda ke ji. Kai ne wanda aka ba zaɓi tsakanin abin da zuciyarka ke so da ran da ke rataye a hannunka, ka tsaya inda aka sa ka, ka biya da abin da ba a mayarwa. Ba za mu ce maka abin bai yi ciwo ba. Ya yi, kuma har yanzu ɗakin Safiya a rufe yake. Amma 'ya'yan Munkaila sun girma da ubansu, kuma akwai mutanen da ke noma yau a ƙauyuka huɗu waɗanda da an binne su a wancan rani. Mun gode. Allah ya saka maka, ya jiƙan Safiya, wadda ta san aikinka fiye da mu duka, ta kuma ba da nata ba tare da ta bari an gani ba.

Mu kuma da muka rage, kowannenmu akwai wanda ke ƙasa yana dogara da hannunsa, ko a lakwal yake, wato makaranta, ko a gidan likita, ko a bayan sitiyarin mota, ko a tsakar gida. Mu duba igiyarmu da safe ko da jiya mun duba. Mu bayar ta yadda mai karɓa ba zai durƙusa ba. In kuma akwai wata magana da wani ke jira daga bakinmu, wadda za ta sauke masa nauyi, kada mu ce gobe.

Wanda hanya ta biyo da shi Tungar Kalgo, ya tambayi gidan Labo. Zai same shi da safe a kan tsohon turmin nan, yana tufka igiyar guga a hankali da ƙarfin da ya rage a yatsunsa, Takama tana riƙe da ɗaya bakin tana yi masa tsiya. Ya miƙa masa hannu. Yanzu yana iya karɓa.